Rufin Asirin Majiyyaci

  

Makon jiya mun yi magana a kan ciwon damuwa. Yau za mu ɗora a kan wata tambaya da wata baiwar Allah ta yi mini a ɗakin shan magani. Ta zo da ciwon kai da rashin barci na wata da watanni. Na zauna ina yi mata tambaya a hankali, har ta fara buɗe mini cikinta, ni kuwa na jawo takarda na ɗauki alƙalami. Nan take ta yi shiru. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan da ka ke rubutawa, wa zai karanta?"

Tambayar nan tana da nauyi, kuma na san da yawa cikinku tana ransu, kunya ce ta hana su yi. To, yau zan amsa ta gwargwadon hali.

Magani da zance

Akwai ciwon da allura ba ta kai gare shi. Mutum ya rasa ɗa, baƙin ciki ya ƙi sakinsa. Wani ya tsira daga hatsarin mota ko daga hannun 'yan fashi, amma kullum dare sai ya sake ganin abin cikin barci. Wata kuwa tsoro ne ya ke kama ta ba dalili, gabanta ya yi ta faɗuwa. Irin waɗannan, ban da ƙwayar magani in ta kama, a kan yi musu jiyya da zance. Watau majiyyaci ya kan zauna da likitan ƙwaƙwalwa ko wani masanin da aka horar, kamar sa'a guda, mako-mako, ya faɗi abin da ke damunsa, shi kuwa masanin ya taimake shi ya gane inda igiyar ta harɗe, su kwance ta tare.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jiyyar nan ba ta ci sai an faɗi gaskiya, har abin da mutum bai taɓa gaya wa uwarsa ba. Saboda haka asiri shi ne jarin wannan aiki. Ran da mutane suka daina amincewa cewa maganarsu za ta tsaya a ɗaki, ran nan jiyyar ta mutu.

Don me likita ya ke rubutu

Rubutun likita iri uku ne. Na fari, wanda ya ke yi a katinka ko fayil ɗinka, don kada ya manta inda kuka tsaya, don kuma wanda zai gaje shi ya san abin da aka yi. Na biyu, wanda ya ke kai wa na gaba da shi ko ya karanta wa ɗalibai, don a duba aikinsa, a kuma koya. Na uku, wanda ya ke bugawa cikin mujallar likitoci ko cikin littafi, don na nesa su ƙaru.

Kada ku ce na biyu da na uku ɓarna ce. Da likitocin da ba su rubuta abin da suka gani ba, da kowane sabon likita sai ya fara daga tushe, a kan majiyyatansa zai yi ta tuntuɓe. Amma ga wuyar abin. Mai rubutu a kan zazzaɓin cizon sauro, zafin jiki da awon jini sun ishe shi. Mai rubutu a kan jiyyar zance kuwa, dole ya taɓa aure, da kishiya, da bashi, da mafarki, da abin da uba ya yi wa ɗa tun yana ƙarami. Rayuwar mutum ce ɗungum a ke ɗorawa a kan takarda. Ga ilmi yana so a faɗa, ga amana tana so a rufe. Tsakanin waɗannan biyu likita ya ke tafiya.

Tsohon alkawari

Wannan alkawari ya daɗe. A ƙasar Girka, kamar shekara 2,400 da suka wuce, an yi wani likita Hippocrates, wanda Larabawa su ke kira Abuƙirat. Rantsuwar likitoci da a ke jingina masa ta ɗora wa likita ya kame bakinsa a kan abin da ya gani ko ya ji wajen aikinsa, wanda bai kamata a baza ba. Cikin 1948 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sabunta alkawarin a birnin Janiba. Cikin 1968 aka ƙara masa cewa asirin yana nan ko bayan majiyyaci ya mutu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Abin da ya faru a Biyana

A Biyana, babban birnin Ostiriya, aka fara jiyyar zance irin ta zamani, kuma can aka fara cin karo da wannan matsala.

Daga 1880 zuwa 1882 wani likita Josef Breuer ya yi jiyyar wata budurwa 'yar shekara 21. Cikin 1895 shi da abokin aikinsa Sigmund Freud suka buga labarinta, suka laƙaba mata sunan aro, Anna O. Yarinyar nan daga baya ta zama babbar mace a Jamus, mai tsaya wa mata da marayu, ta kafa ƙungiyar matan Yahudawa cikin 1904. Ta rasu cikin 1936. Ba ta baza zancen ciwonta ba. Sai cikin 1953 wani likita Ernest Jones, da ya ke rubuta tarihin Freud, ya bayyana cewa Anna O. ita ce Bertha Pappenheim. Shekara 58 asiri yana rufe, layi ɗaya ya tone shi. Cikin 1954 Jamus ta Yamma ta sa hotonta a kan sarki saboda aikin alherinta, amma har yau da yawa da ciwonta suka fi saninta.

Na biyu ita ce wadda Freud ya kira Dora, 'yar shekara 18. Ya yi jiyyarta mako 11 a ƙarshen 1900, sa'an nan ita da kanta ta daina zuwa. Freud ya san akwai haɗari. Ya jinkirta bugawa har 1905. Ya sake sunayen kowa, ya ɓoye sunan garin da abin ya faru, ya buga cikin mujallar da likitoci ke karantawa. Duk da haka, a farkon shekarun 1920 aka kira wani likita Felix Deutsch ya duba wata mace a Biyana. Tana ba shi labarin gidansu sai ya gane wannan ita ce Dora, don ya karanta rubutun. Shi ma cikin 1957 ya buga nasa bayanin a kanta, da maganganu marasa daɗi. Daga baya masu binciken tarihi suka tono sunanta na gaskiya da na danginta. Sunan yana cikin littattafai, amma ni ba zan faɗe shi a nan ba, don ba ta taɓa neman suna ba.

Ku lura, Freud ya yi ƙoƙari, bai yi ganganci ba. Amma magana zarar bunu ce. Wadda aka faɗa da baki ma ba ta komawa, balle wadda aka buga.

Sake suna bai isa ba

Mutane da yawa suna tsammani da an cire suna shi ke nan. To, ku gwada wannan. A ce na rubuta, "Wani mahauci, gurgu, mai mata uku, wanda rumbunsa ya ƙone bara da kaka." Ban faɗi suna ba. Amma in a ƙauyenku ya ke, akwai yaron da ba zai nuna muku ƙofar gidansa ba? Sana'a, da kamanni, da yawan iyali, da wani abin da ya auku, in aka haɗa su sun fi suna nuna mutum.

A manyan ƙasashe ma haka ne. Wata masaniya a Amurka, Latanya Sweeney, ta yi lissafi da ƙidayar 1990, ta fitar da shi cikin 2000. Ta ce abu uku kaɗai, watau ranar haihuwa, da lambar gidan waya ta unguwa, da ko mutum namiji ne ko mace, za su iya ware kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar ɗaya-ɗaya. Ƙa'idar Amurka ta tsare bayanin marasa lafiya ta lissafa abubuwa 18 da za a cire kafin a ce takarda ba ta nuna kowa. A ciki akwai suna, da gari, da ranaku, da lambar waya, da lambar fayil, da hoton fuska. In ƙasa mai mutane miliyoyi tana wannan taka-tsantsan, yaya ƙauyen da kowa ya san akuyar kowa?

Kuskuren da na yi

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na taɓa faɗawa wannan rami, ina sabon ma'aikaci. An tara mu wani kwas, aka ce kowa ya rubuto labarin majiyyaci guda don a tattauna. Na rubuta na wani magidanci da damuwa ta kama bayan ya yi hasarar dukiya, har ya fara tunanin barin duniya. Na cire sunansa, na ga kamar na gama. Amma na bar sana'arsa, na bar irin hasarar, na bar ranar da kasuwar garinsu ke ci. Ina cikin karantawa sai na ga wani a bayan aji ya ɗaga kai yana murmushi. Ashe surukin maƙwabcinsa ne.

Ba a yi wata guda ba magana ta kai garin. Mutumin nan bai zo ya zage ni ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Daina zuwa kawai ya yi, a lokacin da ya fi bukatar zuwa. Na taka har gidansa na roƙi gafara, ya ce ya yafe, amma bai sake zama a gabana ba. Ko yanzu da na ke ba ku labarin na sake masa kama, yadda ko shi ya ji ba zai tabbata da shi a ke ba. Tun daga ran nan, in na rubuta abu sai na tambayi kaina, in ƙanensa ne ya karanta, zai gane?

Hanyoyin da a ke bi

Likitoci masu tsare amana suna da hanyoyi huɗu.

Ta fari ita ce ɓad da kama. A sake duk abin da ba shi ne ciwon ba. Mai sayar da hatsi ya zama mai sayar da yadi, mai 'ya'ya bakwai ya zama mai 'ya'ya da yawa, ɗan shekara 43 ya zama magidanci mai matsakaicin shekaru. Sunan gari ya fita, ranaku su fita. Amma akwai iyaka. Ba a sake abin da ya shafi ciwon kansa, ko maganin da aka ba da, ko yadda jiyyar ta ƙare. In likita ya ce mutum ya warke alhali bai warke ba, ya rufe asirin mutum ɗaya ya cuci dubu, don wasu likitoci za su bi ƙaryar su yi aiki da ita.

Ta biyu, a haɗa labarin mutum uku ko huɗu masu ciwo iri ɗaya ya zama kamar na mutum guda. Wannan ya dace da koyarwa, muddin an gaya wa mai karatu cewa haɗi ne.

Ta uku, a rage. A ɗauko ɗan guntun da a ke bukata kawai, misali musayar magana ta minti biyar tsakanin likita da majiyyaci, a bar tarihin gidansu duka. Abin da ba a rubuta ba, ba mai tono shi.

Ta huɗu, a nemi yardar mai labarin. Editocin manyan mujallun likitoci na duniya sun fitar da ƙa'ida a kan wannan cikin 1995. Sun ce kada a buga abin da zai nuna majiyyaci sai in ilmi ba zai cika ba sai da shi, kuma sai ya yarda a rubuce, bayan an nuna masa abin da za a buga. Sun kuma ce ɗan baƙin layin nan da a ke ja a kan idon mutum cikin hoto bai isa rufin asiri ba.

In duk hanyoyin nan sun ƙi, akwai ta ƙarshe, watau a ajiye alƙalami. Ba kowane labari ne ya zama tilas a buga ba.

Wace irin yarda

Yarda ma tana da sharaɗi. Wanda ke kwance a hannun likita, da wuya ya iya ce masa a'a. Yana jin nauyi, yana tsoron kada a ji haushinsa a daina kula da shi. Irin wannan "to" ɗin ba yarda ba ce.

An yi shari'a a kan wannan a jihar Niyok ta Amurka cikin 1977. Wata likitar ƙwaƙwalwa da mijinta suka buga littafi, shekara 8 bayan ta gama jiyyar wata mace. Suka zuba maganganunta kamar yadda ta faɗe su, da tunaninta na ɓoye, da yadda aurenta ya mutu. Sun cire suna, amma waɗanda suka san ta suka gane ta. Likitar ta ce ai matar ta yarda da baki lokacin jiyya. Alƙali ya ƙi karɓar wannan. Ya hana a ci gaba da sayar da littafin, ya sa a biya matar diyyar dala 20,000. Kotun ma da sunan aro ta rubuta shari'ar, don kada ta ƙara tona abin da ta zauna rufewa.

Saboda haka yarda ta gaskiya ita ce wadda ta cika waɗannan. A gaya maka abin da za a rubuta, da inda za a buga, da waɗanda za su iya gani. A nuna maka rubutun, in ba ka karatu a karanta maka da harshen da ka ke ji. A ba ka lokaci ka je gida ka yi shawara da zuciyarka. A tabbatar maka cewa in ka ƙi, jiyyarka ba za ta ragu da ko ƙwaya ɗaya ba. A gaya maka kana iya janyewa kafin a buga, amma bayan an buga ba dama. Sa'an nan ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. In yaro ne, ko wanda ciwo ya gusar wa hankali a lokacin, sai uba ko uwa ko waliyyi ya tsaya masa, kuma ya kamata a ji ta bakinsa shi ma gwargwadon ganewarsa.

Akwai wani abu kuma. Majiyyaci ba shi kaɗai ne cikin labarinsa ba. Akwai mijinta, akwai kishiyarta, akwai surukarta, su kuwa ba wanda ya tambaye su. Ko mai labari ya yarda, wajibi ne a rufa wa waɗannan asiri.

Bayan mutuwa

Wani zai ce, to, in mutum ya mutu fa? A Amurka an yi wata shahararriyar mai rubuta waƙoƙi, Anne Sexton, wadda ta mutu cikin 1974. Likitanta Martin Orne ya ɗauki zamansu a kaset, fiye da 300, don ta riƙa saurare tana tuna abin da suka tattauna. Bayan mutuwarta ya ba mai rubuta tarihinta kaset ɗin, da yardar 'yarta, littafin ya fito cikin 1991. Likitoci suka rabu biyu. Wasu suka ce ita mai faɗin asirinta ce cikin waƙoƙinta, da tana da rai da ta yarda. Wasu da yawa suka ce likita ba shi da ikon yi wa matacce zato, kuma masu rai da suka ji wannan za su fara tauna maganarsu a gaban likita. A ganina na biyun sun fi gaskiya. Mamaci ya bar 'ya'ya, 'ya'yan nan za su nemi aure, kun kuwa san yadda a ke bincike in an ji kalmar taɓin hankali a gida.

Inda a ke buɗewa

Kada in bar ku da zaton cewa ba a taɓa buɗe asiri ko kaɗan. Akwai wurare kaɗan, gara ku san su tun yanzu.

A Kalifoniya cikin 1969 wani ɗalibi ya gaya wa mai yi masa jiyyar zance cewa zai kashe wata yarinya. An sanar da 'yan sandan makarantar, suka tsare shi kaɗan suka sake shi, amma ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta. Bayan kamar wata biyu ya kashe ta. Cikin 1976 babbar kotun jihar ta yanke, a shari'ar da a ke kira Tarasoff, cewa in likita ya ga majiyyacinsa haɗari ne ƙwarai ga ran wani, wajibi ne ya ɗauki matakin kare wannan mutum. Rai ya fi asiri.

A nan Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce duk bayanin mai zuwa asibiti asiri ne, da ciwonsa, da maganinsa, har da kwanciyarsa a asibitin. Ba a fitar da shi sai in shi ya yarda a rubuce, ko kotu ko wata doka ta umarta, ko iyaye ko waliyyi sun nema a madadin yaro ko wanda ba ya iya yarda da kansa, ko kuwa in rufewar za ta jawo babban haɗari ga lafiyar jama'a. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2021 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tsaya a kan haƙƙin majiyyaci da mutuncinsa. Dokar tsare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda a ke yi wa tsaro na musamman.

Ku duba da kyau, cikin waɗannan dalilai babu "don likita ya rubuta littafi". Ko inda aka buɗe ma, a kan faɗi abin da ya wajaba ne kawai, ga wanda ya wajaba ya ji.

Waya da intanet

A zamanin Freud mujallar likita tana kan kanta a ɗakin karatu, sai likita ke taɓa ta. Yau mai waya a hannu yana iya binciko rubutun likitansa daga gindin bishiya. Haka kuma ma'aikaci yana iya ɗaukar hoton kati ko na majiyyaci ya tura a WhatsApp ko ya sa a Facebook, yana cewa ai bai faɗi suna ba. Wannan ma rubutu ne, kuma ya fi littafi saurin tafiya. 'Yan'uwana ma'aikata da ke saurare, da nas, da mai ba da kati, da mai shara, amanar nan a wuyanmu duka ta ke. Kada a bar rajista a buɗe a kan tebur. Kada a ɗaga murya a faɗi ciwon mutum a gaban layi. Baki shi ke yanka wuya, amma a aikinmu wuyan wani ya ke yankawa.

Abin da ya rage gare ku

To, jama'a, ga abin da na ke so ku tafi da shi.

In an tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin Barnawa na Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano, ko na Maiduguri, ku yi tambayar da baiwar Allah nan ta yi mini. Wa zai karanta? Ina a ke ajiyewa? Wannan ba rashin kunya ba ne, haƙƙinku ne, likitan kirki kuwa zai ji daɗin tambayar.

In an ce za a ɗauki muryarku ko hotonku, ku tambayi dalili, da wanda zai riƙe, da ranar da za a shafe.

Kada ku sa hannu ko ku dangwala a takardar da ba a karanta muku ba.

In kuna so ku yi magana da likita ku kaɗai, ku ce ɗan rakiya ya ɗan jira a waje. Ku kuma 'yan rakiya, abin da kuka ji a ɗakin likita ku bar shi can. Mun yi ta magana a kan alƙalamin likita, amma sau da yawa daga bakin dangi asiri ya ke fita, a bakin rijiya ko a gidan suna.

In kun ga an tona muku asiri, ku kai ƙara wurin shugaban asibitin. In likita ne, akwai hukumar da ke ba likitoci izinin aiki a ƙasar nan, tana sauraron irin wannan ƙara. Kotu kuma tana nan.

Abu na ƙarshe, kada tsoron tonon asiri ya hana ku neman magani. Labaran da na ba ku an san su ne don an yi ta muhawara a kansu, daga gare su kuma aka gyara ƙa'idodin da ke tsare ku yau. Ciwon da aka rufe a ciki ba ya warkewa don an rufe shi.

Ita baiwar Allah nan, na ajiye alƙalami na gaya mata abin da na gaya muku. Na ce katinta ni zan gani, da likitan da zan tura ta wurinsa, in kuma akwai abin da ba ta so a rubuta ta faɗa mini mu duba tare. Ta yi ajiyar zuciya, ta gyara zama, ta ci gaba da maganarta. Abin da ta faɗa kuwa yana nan inda ta bar shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan rashin barci. Kafin nan, Allah ya rufa mana asiri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ku huta lafiya.